Surukina da Koren Dutsen da Na Fasa

Bari in fara da abin da ya fi wuyar faɗa, in huta. A cikin labarin nan akwai wawa guda ɗaya, kuma ni ne. Kada mai karatu ya wahalar da kansa yana nemansa a gaba. Ba kuma yarinta ce ta ja ni ba, don lokacin da na tafka abin ina da 'ya'ya biyar, furfura ta fara leƙowa a gemuna, kuma a unguwarmu ta bayan tashar jirgin Kafanchan ni ake kawo wa wasiƙa in karanta. Sana'ata gyaran keke. Aji huɗu na yi a makarantar mishan, amma na mori aji huɗun nan fiye da yadda wasu suka mori digiri.

Surukina, mahaifin matata, ya rasu bayan an gama cire citta. Mun binne shi a ƙauye, gefen gonarsa, inda in ka ɗaga kai kana hangen dutsen Kagoro. Ban taɓa ganin jana'izar da ta tara mutane iri-iri haka ba. 'Yan zumuntar mata na coci sun zo da tulunansu na kiɗa da caki, suna waƙa suna share hawaye da bakin zane. 'Yan kasuwa Musulmi sun shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, suka yi tasu addu'ar, ba wanda ya ce da su ku matsa. Wata madam 'yar ƙabilar Ibo, matar wani tsohon ma'aikacin jirgi, tun daga bakin hanya ta ɗora hannu a ka tana ihu, “Chai! Papa ya tafi? Wa zai raba ni faɗa da maigida yanzu?” Maigidan nata yana biye da ita riƙe da jakarta, yana gyaɗa kai, da alama shi ma tambayar da ke ransa ke nan.

Sai tsofaffin masu haƙar dutse daga wajen Godogodo, ƙafafunsu ja wur da laka. Samarin coci sun ɗauko diga za su fara kabari, tsofaffin nan suka ƙwace. Suka ce, “Ku je ku jera kujeru. Rami namu ne.” Kabarin da suka haƙa, ko da ma'auni aka yi shi sai haka. Na ga ɗayansu, yana kuka, ya ɗebi ƙasar a tafin hannu yana murzawa yana dubawa, bai ma san yana yi ba.

Bayan an rufe, ana cin shinkafa, ina zaune bayan biyu daga cikinsu. Ɗaya ya ce, “Mutumin kirki ne. In ban da maganar koren dutsen nan na Alhajin Mali, da ba a taɓa jin kansa ba.”

Ɗayan ya ce, “To, ɗan Adam ne. Allah ya yafe masa.”

Akwai tsokar nama a bakina. Na tauna ta har ta zama kamar tsumma. Dalilin rubutun nan ke nan. An sa mutum a ƙasa da tabon da ba nasa ba, mai tabon kuwa yana zaune yana cin shinkafar jana'izarsa.

Baba, haka muke kiransa, bai san ko harafi ɗaya ba. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin kuza a ƙasar Jos, ya ɗauki kwanon ƙasa a ka har gashin tsakiyar kansa ya gudu bai dawo ba. A can ya koyi dutse. In aka miƙa masa ƙwaya, sai ya sa ta a harshe ya jiƙa, ya ɗaga ta wajen rana, ya ɗan taɓa ta da haƙori, sannan ya ce “akwai” ko “babu”. Bai cika ƙara kalma ta biyu ba. In kuwa mutum ya zo yana cika baki, abu ɗaya yake cewa: “Haka ne?” Ni na fi kowa shan wannan “haka ne”. Ranar da na fara zuwa gaishe shi a kan maganar aure, na sa taye, na gaishe shi da Turanci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wajen 'yarsa ya ce, “Wannan ba ya jin Hausa ne, ko ciwo ne?” Daga ranar ya sa mini suna Akawu, bai kuma taɓa kirana da wani suna ba har ya koma.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi a fili. Baba dattijon ikilisiya ne, yana zama a bencin gaba, yana kuma da murya kamar ta jirgin kaya. Matsalar ita ce kullum yana bayan kowa da layi ɗaya. Mu mawaƙa mun kai amin, shi yana tsakiyar baiti. Aka ce ni suruki ne, in je in lallaɓa shi ya rage. Na je da ladabi na yi bayani mai tsawo. Ya bari na gama, ya ce, “Akawu, ni ba ku nake yi wa ba. Wanda nake yi wa bai aiko ka ba.” Sati biyu bai amsa gaisuwata ba. A cikin sati biyun nan ya aiko mana da doya sau biyu, don a ganinsa fushi da suruki daban, cikin jikoki daban.

Da aka gano safaya, shuɗin dutsen nan mai tsada, a ƙasarmu, duniya ta juye. Manomi ya ajiye garma, ɗan makaranta ya ajiye jaka, kowa ya shiga rafi da rariya yana wanke tsakuwa yana neman shuɗi. Baƙi suka cika Kafanchan, 'yan Mali da 'yan Sinigal, da dogayen riguna da ƙaramin sikeli a aljihu. Baba bai haƙa ba, ya ce bayansa ya riga ya biya kuza haƙƙinta. Amma da yake a bakin rami ba a barin abu mai daraja, sai masu haƙa suka riƙa kawo masa ajiya. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Kowa ya kawo nasa, Baba zai naɗe a tsumma ya ƙulla, kuma kowane mutum da irin ƙullinsa. Na taɓa cewa in kawo littafi in rubuta masa sunaye. Ya ce, “Haka ne?” Bai taɓa ba wani ƙullin wani ba.

Akwai abu ɗaya da duk mai haƙa ya sani tun ranar farko. Dutse mai daraja yakan fito manne da dutsen banza, wanda muke kira uwa. Mai saye ba ya son uwa, nauyi ce kawai. Saboda haka aikin farko shi ne a raba ɗa da uwa: a sa ƙaramar guduma a ɓalle ƙwayar, a wanke ta, a shafa mata ɗan mai, a sa a kwalin ashana. Wanda ya kai dutse kasuwa da uwarsa, dariya ake masa. Iyakar ilimina ke nan a harkar, ni da ban taɓa shiga rami ba.

A shekarar tamanin da bakwai, da rikicin addini ya ɓarke a Kafanchan, wani daga cikin baƙin nan, wanda muke kira Alhajin Mali, ya gudo ƙauye ya faɗo gidan Baba ba ko takalmi. Baba ya ɗaga hular rumbun acca ya ce ya shiga. Kwana uku yana ciki, surukata, Mama, tana miƙa masa tuwo da ruwan alwala ta sama. Wasu samari sun zo tambaya, Baba yana zaune a gindin rumbun yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce musu, “Na san uban kowannenku. Wa zan fara zuwa gaya wa?” Suka juya.

Da ƙura ta lafa, Alhaji ya ce zai koma ƙasarsu sai hankali ya kwanta. Ina wurin ranar da ya kwance wani ƙulli daga ɗamararsa. Dutse ne kamar dunƙulen hannun yaro, uwarsa fara-fara, a kanta kuwa ƙananan ƙwayoyi sun yi cincirindo, kowace da gefunanta kamar an gyara da hannu. Kore ne, amma ban taɓa ganin irin koren ba. Ya fi ganyen gwaza bayan ruwan sama, yana da duhu a ciki, in rana ta taɓa shi kuma sai ka ce an kunna masa fitila.

Na ce, “Emeral!”

Koren dutsen nan mai tsadar gaske nake nufi. Alhaji ya girgiza kai. Hausarsa a karye take. Ya ce, “Ba emeral. Diyoftas. Jan ƙarfe a ciki, shi ya ba shi kore. Daga Kwango. Yayana ya haƙa, yayana ya mutu.” Ya ce irin wannan ba a cika yin zobe da shi ba, ba shi da ƙarfi. Akwai Turawa masu tara duwatsu, su ke nemansa, su sa a akwatin gilashi suna kallo. Ya riƙe hannun Baba ya ce, “Baba, hanya ba kyau, zai fashe. Ka riƙe. Kada guduma. Kada a cire shi daga uwa. Haka ake so, da uwa.”

Baba ya ce, “To.” Ya naɗe, ya ƙulla, ya sa a akwati.

Ni kuwa a nan aji huɗuna ya fara aiki. Na ce a raina, wa zai sayi dutse don kallo kawai, kamar talabijin? Wa ya taɓa son uwa? Na taɓa ganin hoton emeral a wata tsohuwar mujalla da aka naɗe mini ƙusoshi da ita, kuma kore ne. A lokacin ma ana ta labarin an samu emeral wajen Gwantu. Sai na yanke hukunci: Alhaji ya ƙirƙiro wannan dogon suna ne don kada tsoho ya san dukiyar da yake kwana a kanta. Na gaya wa Baba haka. Ya ce, “Ko zinariya ce, tawa ce?”

Shekara biyu abin yana cina. Alhaji shiru, ko wasiƙa. Sai aka yi babban taron ikilisiya a Kwoi, Baba ya tafi na kwana huɗu. Na san ranar da Mama ke kai gauta kasuwa, na kuma san makullin akwatin yana cikin tsohon takalmin roba na zamanin kuza. Na hau keke da hantsi na je. Ban kira abin sata ba. Na kira shi bincike. Niyyata in ɓalle ƙwaya biyu kacal daga gefe, in kai Jos a tabbatar, in dawo in buɗe wa Baba ido, a ƙarshe ya ce, “Ashe karatu da rana.”

Na ɗora dutsen a kan turmi a bayan ɗaki. Na sa bakin sukundireba a gindin ƙwaya ɗaya, na ɗan taɓa da gudumar gyaran keke. Allah shaida, ɗan taɓawa. Safaya ko ka take ta da mota ba ta damu ba, ni kuma ita na sani. Wannan sai na ji ƙaras, kamar an taka kwalbar magani. Ƙwayar ta tsage biyu, ta ja maƙwabtanta. Maimakon in tsaya, sai na ce bari in daidaita gefen. Na ƙara. Uwar ta rabe uku. Kore ya watsu a ƙasa kamar an zubar da tsakin gilashi, kaji suka taho da gudu, ina korarsu ina tsincewa.

Duk da haka ban sare ba. Na cika kwalin ashana na shiga motar Jos. Aka nuna mini wani tsohon dillali mai gilashin ido ɗaya. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na ce masa na kawo emeral, amma ba na gaggawar sayarwa. Ya zazzage a farar takarda. Ya ɗauki ɗaya ya goga a bayan faranti, ta bar koren layi kamar alli. Ya sa bakin wuƙa, wuƙa ta ci ta. Ya ce emeral ba ta yin haka, ita ce ma za ta ci farantin. Sai ya ɗauki wata mai ɗan girma ya daɗe yana dubawa, fuskarsa ta canza.

Ya ce, “Wannan a kan uwa yake. Ina uwar?”

Na ce tana gida, kashi uku.

Ya cire gilashin ya ajiye. “Wa ya yi wannan aika-aika?”

Na ce, “Wani yaro ne a ƙauyenmu.”

Ya ce, “A nemo yaron a ɗaure masa hannu. Shekara ashirin ina nan, sau ɗaya na ga irinsa cikakke. Da ka kawo shi yadda Allah ya yi shi, akwai Baturen da zai taso daga ƙasarsu saboda shi. Yanzu kuwa, malam, tsakuwa ce mai kyan launi. Ka kula kada yara su sa a baki.”

Ban san yadda na iso gida ba. Na mayar da komai cikin tsumman, na ƙulla yadda na iya, na rufe akwati, na sa makulli a takalmi. Na yi ta addu'a Alhaji ya samu arziki a Mali ya manta da mu.

Kwana biyu da dawowar Baba, ya aiko in zo in taya shi a gonar citta. Muna cikin aiki, rana ta take, bai ɗago ba ya ce, “Akawu, ƙullin da ka yi na ɗaurin buhu ne.”

Na ajiye fartanya. Ya ci gaba da nomansa, ya ƙara tambaya.

“Faɗuwa ya yi, ko guduma?”

Na ce, “Guduma, Baba.”

“Emeral ne?”

“A'a, Baba.”

Na jira “haka ne”, na jira zagi, na jira ƙotar fartanya. Da ya buge ni da na ji daɗi. Sai ya ce, “Kunyar can ba ta miƙe ba, gyara ta.” Muka yi aiki har yamma.

Ya kamata mai karatu na yau ya san abin da ke jirana. A ikilisiyarmu wanda ya taɓa kayan amana, horo ake sa shi. A karanta sunansa a gaban jama'a, a cire shi daga mawaƙa, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi, ya koma bencin baya na bakin ƙofa. Ba wanda zai ƙara ba ni wasiƙarsa, ko ya bar mini kekensa ya kwana. 'Ya'yana za su ji a makaranta. Kuma maganar ba za ta ɓoyu ba, don masu haƙa da yawa sun san da dutsen, sukan ce a fito da shi su gani.

Ran Lahadi bayan sujada, Baba ya sa aka ɗauko akwatin zuwa gindin mangwaro. Ya kira masu ajiya ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa ƙullinsa, ya ce ya kwance ya duba. Sannan ya buɗe na Alhaji a gaban kowa. Kowa ya leƙa ya ga tsaki. Ya ce, “Kayan baƙo ya lalace a hannuna. Wanda abu ya lalace a hannunsa bai kamata ya riƙe na wani ba. Kowa ya nemi wani wurin.”

Dattawa suka kira shi, suka tambaye shi wa ya yi. Ya ce, “Ɗakina ne, makullina ne.” Suka juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta canza ba. Ku lura, bai yi ƙarya ba. Baba ba ya ƙarya, shiru kawai ya iya, kuma ya iya shi fiye da kowa. Da suka rasa yadda za su yi, suka ce dattijon da ya ƙi buɗe wa 'yan'uwansa gaskiya ba zai zauna a gaba ba. Wata shida ya yi a bencin baya.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Aka ce ya ɓalle manyan ƙwayoyin ya sayar, ya bar tsaki. Aka nuna rufin kwanon da ya yi wa ɗakin Mama, wanda kowa ya san da kuɗin citta aka yi shi, aka ce ga shaida. Mutanen da ya yi wa ajiya shekara da shekaru ba a rasa ko ƙwayar gero ba, suka fara cewa dama sun lura ƙullinsu yana raguwa.

Ni ina gaba cikin mawaƙa, da farar riga. Duk Lahadi in mun kai amin, sai in ji muryar nan daga can bakin ƙofa, inda feshin ruwa ke shigowa, tana ƙarasa baitinta ita kaɗai. Ba wa'azin da ya taɓa dukana kamar wannan.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Na same shi yana saƙa zana na ce, “Baba, zan je in faɗa.” Ya ce, “Ka yi ɓarna ɗaya da guduma, kada ka ƙara ta biyu da baki. Je ka gida.” In faɗi gaskiya, da gudu na karɓi wannan umarni. Ban taɓa yi wa Baba biyayya da sauri haka ba.

Alhaji ya dawo bayan shekara biyar da tafiyarsa, ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya kawo wa Mama atamfa, ya kawo wa Baba hula. Baba ya aika a kira ni, ya ce in zauna. Ya shimfiɗa tsumman a tabarma. Alhaji ya duba, ya duba, ya sa yatsa yana juya gutsattsarin. Bai yi ihu ba. Ya kira sunan yayansa sau biyu a hankali, hawaye ya bi gemun.

Ya ce, “Baba, na ce kada guduma.”

“Ka ce.”

“Kai ka san dutse. Ba kai ba. Wa?”

“Ɗakina ne, makullina ne. Ga gona, ga awaki, ga rumbu. Abin da ka ga ya yi maka, ɗauki.”

Alhaji ya ɗago ya dube ni. Ina jin ko makaho ya dube ni a ranar zai gane. Ya tashi ya fita, abincin da Mama ta kawo ko buɗewa bai yi ba. Na ce shi ke nan, sai 'yan sanda.

Washegari da safe sai ga shi. Ya tsaya a gaban rumbun acca ya dafa shi, ya ce, “Wannan rumbu ya ɓoye raina. Na riga na ci nawa.” Ya zauna ya ci ɗumame. A cikin kashi ukun nan na uwar, akwai ɗaya da ƙwaya guda ta tsira a wani lungu, ƙarama kamar ƙwayar dawa, lafiyarta lau. Ita ya ɗauka ya naɗe a hankici. Sauran ya ce a zubar. Da zai tafi ya ba kowa hannu. Da ya zo kaina ya riƙe hannun ya juya shi, ya duba tafin kamar mai duba ƙwaya, ya sake shi. Ba mu ƙara ganinsa ba.

An mayar da Baba bencin gaba, amma akwatin bai ƙara karɓar ajiyar kowa ba. Mama ta riƙa zuba wake a ciki. Shi kuwa bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Da na yi ciwon da ya kwantar da ni damina guda, shi ya nome mini gona, da tsufansa. Da babbar 'yata za ta yi aure, shi ya zauna a kujerar da ubana marigayi zai zauna. Ko a faɗan wasa bai taɓa cewa “ka tuna” ba. Ni da na karanta labarin gafara a Littafi Mai Tsarki sau ba adadi, har ina gyara wa wasu karatu, a wurin wanda bai san harafi ba na ga yadda ake yin ta. Ubangiji ya ba shi wurin zama a gaba, ya bar shi ya yi waƙarsa yadda ya ga dama, ya ja baitin har inda numfashinsa ya kai.

Ya hana ni magana, gaskiya ne. Amma na yi nazari irin na mai aji huɗu, na ga bai ce har bayan ransa ba. Saboda haka ranar sujadar godiya, da fasto ya ce ko akwai mai shaida daga iyali, na miƙe. Na faɗi duka, da turmin, da sukundireban, da kajin. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, “Yesu!” Tsohon nan da ya yi maganar a wurin shinkafa ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da hula. Matata ta yi mini wani kallo wanda har yau ina kan fassara shi. Fasto ya ce dattawa za su zauna a kaina, na ce su zauna, na san hanyar bencin.

Da aka tashi, wasu suka zo suna ba ni hannu, wai na yi jarunta. Kun san ni da yabo. Kafin in isa gidan Baba har na fara jin kamar ni aka zalunta. Na tarar da Mama a tsakar gida, ta cire kayan coci, tana shanya acca a tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Mama, kin ji abin da na faɗa.”

Ta ce, “Ina da kunne.”

Na gyara murya. Na ce, “Abin da ya fi taɓa ni, Mama, shi ne irin ƙaunar da Baba ya yi mini. Surukai huɗu gare shi, amma ni ya zaɓa ya ɗauki kunyata a kansa. Ina ganin ya hango wani abu a cikina da sauran mutane ba su gani ba.”

Ba ta ko daina baza accar ba. Ta ce, “Kai? Wane kai! Uwar 'ya'yanka ce bai so a nuna a kasuwa a ce ga matar ɓarawo ba. Matsa, ka tare mini rana.”